Tsatsar Takobin Gidan Manu

Malam Bunyaminu bai taɓa zuwa wani yaƙi ba sai yaƙi da jahilci, wanda yake yi a gindin tsamiya a Bagudo, da allo da alli, yana koya wa magidanta masu furfura yadda za su rubuta sunayensu. Amma in ka zauna da shi bayan la'asar sai ka rantse a bakin daga aka yanke masa cibiya. Ya karanta waƙoƙin Larabawan da, waɗanda takobi ke walƙiya a kowane baitinsu, ya karanta na malaman ƙasar nan, ya haɗa da ɗan abin da ya samu na Turawa. A bakinsa gaskiya takobi ce, ilimi takobi ne, harshen mutum ma takobi ne. Lokacin da matarsa Asama'u take da rai takan ce masa, mutumin da in za a yanka kaza sai ya kira maƙwabci bai kamata ya riƙa cika wa jama'a kunne da zancen kaifi ba. Ta rasu ana dab da samun mulkin kai, daga nan kuma babu wanda ya rage da zai gaya masa irin wannan magana.

Akwai takobi na gaske a gidansu, a Tungar Manu, wani ƙauye da ke yamma da Kaoje, kusa da iyakar Dahomey. Ƙaramin rafi ne ya raba su da Tondi, garin Dandawa manoma, waɗanda Faransa ta rubuta a nata littafin kamar yadda Ingila ta rubuta mutanen Tunga a nata. A hayin Tondi fadamar take, mai ciyawar burgu da ba ta bushewa. In rani ya yi, shanun Tunga ba su da wani wurin kiwo sai can.

A kan fadamar nan aka yi faɗa zamanin kakansu Manu, aka kashe mutane a ɓangarorin biyu. Da aka gaji aka yi sulhu, sai aka ajiye takobin da ya kashe mutum na ƙarshe a gidan Manu bisa sharaɗi: ba a wasa shi, ba a shafa masa mai, kuma babu ɗan Tunga da zai zare shi daga kube. Kowace shekara bayan an gama girbi, dattijon Tondi zai ƙetaro, ya zare takobin da hannunsa a gaban jama'a, ya duba. In ya ga tsatsa ta ƙaru, ya san babu wanda ya yi tunanin yaƙi a bana, sai ya ce shanu su ƙetare. Ana kiran ranar ganin tsatsa. Dattijon da ke zarewa a lokacin shi ne Baba Namadi, ƙanen kakan Asama'u ta wajen uwa. Mutum na ƙarshen da takobin ya kashe kuwa mahaifin Namadi ne, ya mutu ya bar shi a goye.

Yero, yayan Bunyaminu, shi ke kiwon shanun gida da na rabin ƙauyen. Amma da mahaifinsu zai rasu, Bunyaminu ya ba wa riƙon takobin, don a ganinsa mai karatu ya fi sanin nauyin amana. Iyaye sukan yi irin wannan lissafi.

Da damina ta ja baya aka aiko wa malamai cewa za a yi bikin mulkin kai a Bagudo, aka ce Malam Bunyaminu ya shirya waƙa. Ya shirya. An karɓi ƙasar nan da takarda da alƙalami da doguwar muhawara a ɗakunan taro, ba wanda ya zare ko wuƙar yankan farce, amma a waƙar Malam jini har gwiwa. Da yake bitarta a ɗaka, duk sanda ya zo baitin ƙarshe sai ya ga hannunsa ya tashi sama da kansa, babu kome a ciki. Ya ga hannun bai yi kyau haka ba.

Da ya so, da ya ari takobi wurin kowane dogari. Sai dai ya ji bai dace jikan Manu ya ɗaga takobin aro ba. Ya tafi Tunga ranar Alhamis, lokacin Yero yana daji, ya sauko da takobin daga inda yake rataye a ɗakin mahaifinsu. Ya ce wa kansa dubawa kawai zai yi.

Da ƙyar ya fito daga kuben. Abin da Bunyaminu ya gani ya sa shi jin kunya shi kaɗai a ɗaki. Baƙi ne ƙirin, ya yi ɓawo, kamar tsohuwar fartanya da aka manta a bayan rumbu. Duk shekara yana ganinsa a hannun Namadi, amma daga nesa, kuma a lokacin ba ya tunanin ɗaga shi a gaban hakimi da manyan ma'aikatan En'e da baƙi daga Birnin Kebbi. Ya ce bari ya ɗan goge saman. Ya samo toka da lemun tsami. Da ya ga farin ƙarfe ya leƙo a wuri ɗaya, sai sauran ya ƙara muni, ya ɗebo yashi. Kafin azahar yana durƙushe a kan dutsen washi, yana gumi, yana faɗa wa kansa cewa sabon zamani ya zo, Faransa ta tafi, Ingila na naɗe kayanta, yanzu gwamnati ke da iyaka ba tsofaffi ba. Mai karatu ba ya rasa hujja. Amfanin karatun ke nan a wurin wasu.

Ranar biki abin ya yi kyau, ba za a hana shi wannan ba. An ɗaga sabuwar tuta, 'yan makaranta sun yi maci, an raba musu kofuna da shinkafa. Malam Bunyaminu ya tsaya da farar riga, ya rera har ya zo ƙarshe:

Takobinmu ya daɗe a kube yana barci,
Yau ya farka, ya sha jini ya ƙoshi.

Ya zare, rana ta bugi ƙarfen, mata suka rangaɗa guɗa. Wani babban ma'aikaci ya kama hannunsa ya girgiza. A cikin taron akwai fataken Tondi da suka kawo busasshen kifi da albasa. Su ba su tafa ba. Sun san kuben, domin jar fatar da aka naɗe bakinsa da ita a garinsu aka jeme ta.

Labari ya riga shi isa Tunga. Da ya je mayar da takobin, ya iske Yero zaune a ƙofar ɗakin mahaifinsu, sanda a kan gwiwa.

"Malam, an ce ka ci yaƙi," in ji Yero.

"Yaya, waƙa ce kawai."

"To. Wa kak kashe?"

"Ba wanda nika nuhi da ita sai mulkin mallaka. Kowa ya san haka. Takobi a waƙa misali ne."

"Ba ni misalin in gani."

Bunyaminu ya miƙa masa. Yero bai zare ba, ko a wannan hali bai yarda ya zare ba. Ya ɗan ɗaga kuben ya leƙa wuyan ƙarfen inda ya fito, ya ga fari, ya mayar masa.

"Shanun ga ba su cin misali," in ji shi. "Karan dawa na ƙarewa kafin sanyi ya wuce. In Tondi sunka hana mu fadama, sai mu bi ta Kaoje mu roƙi masu shinkafa, su kau ka san abin da za su ce muna. Bara da ciyawa ta yi ƙaranci ka ga yadda shanun maƙwabcinmu Atiku sunka zube, ana fiɗa ana kuka. Nawa shanun ma za su bi su. Da na marayun da anka ba ni riƙo."

"Zan gyara."

"Kai dai gyaran ne ya kawo mu nan."

Abin da Bunyaminu ya kira gyara ya fi ɓarnar farko muni, domin ta farko wauta ce, wannan kuwa da saninsa ya yi. Ya sayi gishirin Foga, irin wanda fatake ke kawowa, ya jiƙa, ya shafe ruwan takobin da shi, ya naɗe da tsumma, ya binne a ƙasa mai laima a gindin randa. Duk ƙarshen mako yakan zo daga Bagudo ya tone ya duba, ya ƙara gishiri. Mutumin da ya shekara ashirin yana rera yadda ƙarfe ke walƙiya, ga shi tsugune a bayan ɗaki yana roƙon Allah ƙarfe ya ruɓe. Allah ya amsa masa daidai gwargwado. Tsatsa ta fito, ta rufe ko'ina. Ya duba ya ga ja ce, ba baƙa ba, amma ya ce idon tsoho ba zai bambance ba.

Aka gama girbi. Mutanen Tondi suka ƙetaro ranar ganin tsatsa, sun fi na kowace shekara yawa, kuma samari sun fi tsofaffi. Da can sukan zo da goro da wasa da dariya. Bana sun zo da goron, sauran sun bar shi a gida. Aka shimfiɗa tabarmi a bakin mashigi, inda shanu ke ƙetarewa. Garken yana tsaye a bayan jama'a, Yero a gabansa.

Baba Namadi ya zauna da farar rigarsa. Bunyaminu ya durƙusa, ya miƙa takobin da hannu biyu, idonsa a ƙasa kamar yadda ya kamata ga suruki. Tsohon ya yi bisimilla ya zare. Takobin da a da sai ya dafe da ƙafa yake fitowa, yau ya zame kamar an shafa masa man shanu. Ya dube shi. Ya sa babban yatsa ya murza, jan gari ya biyo yatsan ya zubo a kan rigar, farin ƙarfe ya bayyana a ƙasa. Ya kai yatsan bakinsa ya ɗanɗana. Sannan ya taɓa kaifin a hankali, ya janye hannu.

Wani saurayi daga baya ya faɗi wata magana da Dandanci, wasu suka miƙe. Namadi ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwaya ba, suka koma suka zauna.

"Mijin Asama'u, taso mu zaga," in ji shi.

Suka koma bayan wata kuka, inda ba a jin su. Tsohon ya jingina da itacen, takobin a hannunsa.

"Gishirin ya ji," in ji shi. "Na Foga ne?"

Bunyaminu ya sunkuyar da kai.

"Tun ban kai ka tsawo ba nika zuwa ganin ƙarhen ga. Na san kowane tabo nashi. Akwai wani baƙi kusa ga ƙota, uwata ta ce man nan ne jinin ya tsaya. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ban sani ba, amma shi nika fara dubawa. Ban san fuskar ubana ba, wanga tabon na sani. Ina shi?"

"Baba, na goge."

"Ka goge."

"Wallahi ba da nufin kowa ba. A waƙa, in an ce takobi..."

"An kawo man waƙar. Yaran sun hardace ta a kasuwa. Ya sha jini ya ƙoshi. Ni na san jinin wa ya sha, ɗana. Kai ma ka sani."

Bunyaminu ya so ƙasa ta buɗe. Duk baitocin da ya haddace tun yana yaro, babu ɗaya da ya zo masa da abin faɗa.

Namadi ya ce, "Ni ban ɗauka yaƙi kaka shiri ba. Jikata Asama'u ta ba ni labarin kaza. Amma yaran can ba su san ka ba. Tun da Faransa ta tahi suke cewa fadama tamu ce, ƙasarmu daban, mi ya sa shanun wata ƙasa za su ci. Ni kaɗai nika tare su, da tsatsar nan nika tare su. Yau ka raba ni da ita. In na koma na ce musu malami, mai hankali, ya wasa takobin amana ya ɗaga shi gaban hukuma, to sun san abin da mai hankali ka nuhi da haka. Ba saniyar da za ta taɓa ruwan ga."

"To mi za a yi, Baba?"

"Sai in ba mai hankali ba ne ya yi. Garinmu ba a riƙe wawa da laihi. Miƙa shi akai ga abokan wasansa su yi mai abin da sunka ga dama gaban jama'a, kowa ya yi dariya, magana ta mutu. Amma ba ni zan ce kai wawa ne ba. Kai za ka hiɗi da bakinka."

Ta gefen kukar Bunyaminu yana hango garken. Wasu shanun sun fara matsowa bakin ruwa don sun saba, Yero yana mayar da su da sanda. A Bagudo in ya wuce, mutane sauka suke yi daga keke su gaishe shi. Ya san kafin kasuwa ta sake ci labarin zai kai can.

"Zan faɗa," in ji shi.

Suka dawo. Ya tsaya a tsakiyar tabarmi, ya faɗa da Hausa, wani ya riƙa mayarwa da Dandanci, don haka kowace kalma sau biyu ya ji ta. Ya ce shi ya zare takobin. Ya ce ya goge shi ne don a ce ya yi kyau a gaban baƙi. Ya ce da ya ji tsoro sai ya binne shi da gishiri don ya ruɗi surukinsa. Ya ce bai taɓa yanka ko kaza ba, kuma wauta ce ta sa shi, ba wani abu ba.

Ba a yi dariya ba. Samarin suka tsaya suna kallonsa.

Sai Mero ta fito daga cikin matan Tondi. Ƙanwar Asama'u ce, saboda haka tana da ikon yi masa duk wasan da ta so, kuma tun ranar ɗaurin aure ba ta taɓa yafe wannan iko ba. Ta zo da karan dawa a hannu.

"Mijinmu, ashe jarumi munka aura ba mu sani ba," in ji ta. "Yayata ta mutu ba ta ga yaƙinka ba. To mu a yi muna. Ga takobinka."

Ta danƙa masa karan. Ta cire masa hula ta ɗora masa ƙoƙon da ake shan fura.

"Ba a zuwa daga ba kwalkwali. Shiga ruwa, nan ne bakin iyaka. Ka rera muna ita tun daga farko, yadda kay yi ma manya. Kak ka rage ko baiti guda, yaranmu sun iya ta, za su kama ka."

Ya shiga rafin da farar rigarsa har ruwa ya kai masa gwiwa. Ya fara. Muryar da ta cika filin Bagudo ta fito siririya. Mero ta ce ba a ji, ya ɗaga. Ya rera baitin da dawaki ke haniniya, wata saniya ta amsa masa daga baya, nan ne yaran mata suka fara ƙyalƙyala. Ya rera na maƙiya suna gudu, ƙoƙon ya zame ya rufe masa ido ɗaya. Saurayin da ya fara miƙewa ɗazu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Kafin ya kai tsakiya duk hayin ya ɗauka, har da mutanen Tunga, waɗanda ya zaci za su sunkuyar da kai.

Dariyar ba ta dame shi kamar yadda ya zata ba. Abin da ya dame shi baitin ƙarshe ne da ke matsowa, ga Namadi zaune a gabansa, da jan tabo a rigarsa, shi kaɗai ba ya dariya. Da ya iso wurin sai ya tsaya.

"Saura," in ji Mero.

Ya dubi tsohon. Tsohon ya gyaɗa kai kaɗan.

Ya rera shi. Ya ce ya sha jini ya ƙoshi, a gaban ɗan mai jinin, ya ɗaga karan sama. Karan ya karye a tsakiya, rabin ya faɗa ruwa ya bi rafi. Jama'a suka kwanta da dariya, wata tsohuwa har tana share hawaye. Mero ce kawai ta daina, don ta ga fuskarsa, ta kuma ga ta kakanta. Ta shiga ruwan ta cire masa ƙoƙon, ta mayar masa da hularsa.

Namadi ya jira hayaniya ta lafa. Ya mayar da takobin cikin kube, ya dubi samarinsa.

"Kun ga mai yaƙin," in ji shi. "Akwai mai jin tsoro?"

Wasu daga cikinsu suna ta murmushi.

"Yero, kora su."

Yero ya yi kira irin nasa, babban bijimin ya fara shiga, sauran suka biyo. Bunyaminu bai sami hanyar fita ba, garken ya rufe mashigin, sai ya tsaya inda yake da guntun kara a hannu, shanu na wucewa ta dama da hagu, suna watsa masa ruwa da taɓo. Ya ga na marayu sun wuce, ya ga jar saniyar da aka ba Asama'u ranar da ta tare, da 'yan maruƙanta. Yero ne ƙarshe. Ya zo daidai da shi, bai tsaya ba, bai kuma dube shi ba.

"Fita ka shanya rigarka," in ji shi, ya bi shanunsa.

Da jama'a suka watse, Namadi ya kira shi ya miƙa masa takobin. Bunyaminu ya ɗauka za a karɓe riƙon a ba wani, har ya so a yi hakan. Tsohon ya ce a'a, wanda ya goge shi zai zauna da shi.

"Ka wanke gishirin, ka rataye shi inda yake. Kak ka taimake shi. Baƙar tsatsa ba ta son gaggawa, ni dai ba zan gan ta ba. Baɗi zan zo in duba abin da ya samu."

Ya koma Tunga shi kaɗai, rigar na ɗiga, takobin a hammata. Ya wanke shi a bayan ɗaki kamar yadda aka ce. Jan garin ya bi ruwa, ƙarfen ya fito fari tas, da kaifinsa, ya fi ranar biki kyau. Bunyaminu ya ga fuskarsa a ciki, ya yi sauri ya mayar da shi kube.